Ungulu a Tagar Jatau

An ce a garin Tungar Maɗaci mutane suka zaɓi wani mutum, Jatau, ya shugabance su. Bai shekara ba ƙungiyoyin gari suka ishe shi: yau masunta, gobe mahauta, jibi mata masu ƙuli-ƙuli, kowa da ƙorafinsa. Sai ya ƙudura rushe su duka. Ya sa aka kulle ƙofar ofis, ya bar su tsaye a waje.

Da rana ta take, lokacin da ko kare ba ya yawo, sai ga wata tsohuwar ungulu ta sauka a tagarsa, ta yi sallama da muryar mutum. Jatau ya amsa mata.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi irin ta Barmo na Kurmin Gauta."

Ya ce, "Me Barmo ya yi?"

Ungulu ta gyara fiffike, ta ce:

"Shi ma zaɓensa aka yi, da kiɗa da guɗa. Masuntan garin kuwa kowace ranar kasuwa sukan zo su faɗa masa inda kogi ke cin gaɓa, ba kara ba kunya. Ya gaji, ya ce ai shi aka zaɓa, ba su ba. Ya rushe ƙungiyarsu, ya kafa tasa, ta mutanen da ba su iya komai ba sai 'madalla'. Sai wata mai bandar kifi, Gwaggo Delu, ta tare shi ta ce, 'Ɗan nan, tsaya ka ji abin da ya sami Nomau mai haƙar rijiya.

"'In mai haƙa ya shiga rami, abokansa na sama riƙe da igiyar ƙugunsa, jim kaɗan su kira sunansa, dole ya amsa. In muryarsa ta yi nauyi sun san iskar ramin ta ɓaci, su jawo shi ko yana zagi. Nomau gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Ya ce kiran nan na hana shi aiki. Ya kore su, ya ɗaure igiyarsa a turke. Turke kuwa bai taɓa yi masa musu ba. Har yau matan da ke wucewa ta wurin suna jin sara a ƙarƙashin ƙasa, da murya tana cewa na'am, na'am, alhali ba wanda ya kira. Iskar da ke kashe mutum a rami, ɗan nan, barci mai daɗi take fara sa shi.'

"Barmo ya yi dariya, ya sa aka ba ta goro. Damina ta sauka, kogi na cin gaɓa, mutanensa na ce masa lafiya lau. Masunta sun gani, amma ba wurin faɗa, sai suka kwashe iyalansu shiru. Sauran labarin ba a bakin kowa na ji ba. Ni na sauka garin bayan ruwa ya janye. Da zobensa na gane Barmo."

Tsoro ya kama Jatau ƙwarai. Ya ce, "Ke da gawa ce abincinki, me ya sa kike mini gargaɗi?"

Ta ce, "Na tsufa, bakina ya daina yaga. Amma leƙa waje."

Ya leƙa. Kan katanga, kan rufi, kan kowace bishiya, ungulaye ne cike, ba mai motsi, duk sun zuba wa tagarsa ido.

Ta ce, "Ba ni na kira su ba. Mu warin garin da zai yi shiru muke ji tun daga nesa."

Jatau ya ƙwala wa mai gadi kira, ya ce a buɗe ƙofa, kowa ya shigo. Shugabar masu ƙuli-ƙuli ce a gaba. Ko gaisuwa ba ta yi ba ta hau shi da faɗa, kan rumfunan kasuwa, da kan shanya su da ya yi a rana.

Jatau na kallon taga, ya ce, "Inna, ɗaga murya. Don Allah ƙara ɗagawa, su ji."