Wanzamin da Ya Riƙe Gora a Bakin Teku

An yi wani mutum a zamanin fatauci da jakuna, wani bawan Allah wanzami, ana ce masa Barmo. Zabira ɗaya ce dukiyarsa. Wata shekara ya bi fatake kudu sayen busasshen kifi, yana yi musu aski suna ci da shi, har suka dangana da wani ɗan ƙauye a bakin teku.

Ku saurara, jama'a. Ƙauyen nan tsit yake, don maza duk sun shiga ruwa kamun kifi. Tsakanin bukkoki da teku kuwa tuddan rairayi ne jibga-jibga. Barmo bai taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba, sai ya hau tudu ya kashe ƙwarƙwatar idonsa.

Yana tsaye baki buɗe, sai ga wata tsohuwa tana haki, tana jan doguwar gora mai jan ƙyalle a kai. Ta tayar da ita, ta damƙa masa, ta yi ta zuba yare. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Amma kun san halinmu, ya ce, "To." Ta gangara ta ɓace.

Barmo ya rasa gane kan abin. Tuta ce? Tsafi ne? Ya soka ta a rairayi, ta karkace. Ya sake sokawa, ta sake karkacewa. Dole ya rungume ta.

Can sai ga madugun ayarin, Tankari. Ya ce, "Barmo, me kake yi nan kamar mutum-mutumi a gona? An ɗaure kaya."

"Madugu, wata baba ce ta ba ni riƙo."

"Riƙon me?"

"Wallahi ban sani ba."

"To me ta ce maka?"

"Ban ji ba. Amma na ce mata to."

Tankari ya riƙe haɓa. "Kai! 'To' ɗin da ake ce wa kowa? Yar da abin nan mu tafi. Ba ka san hanya ba, ba ka jin yarensu. In muka tashi, kai da gida sai wani ikon Allah."

Barmo ya ce, "Madugu, ita dai ta tafi da sanin akwai mai riƙe mata."

Ayari ya tashi. Yana kallon jakuna suna shigewa bayan tudu, har da wanda ke ɗauke da zabirarsa. Ya yi kuka, jama'a, kuka ya yi! Rairayi na gasa masa ƙafa, iska na fizgar gora, shi kuwa bai san abin da yake tsaro ba.

Wajen la'asar sai ga kwale-kwale sun ɓullo. Kowanne ya saita hancinsa daidai inda Barmo yake, suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Ita ma tsohuwar ta iso da mutanen da ta kirawo daga wani ƙauye, da diga da turaku don a kafa gorar.

A cikin masuntan akwai mai ɗan jin Hausa. Ya kama hannun Barmo ya ce, "Baƙo, duwatsu ne ƙarƙashin ruwan nan, kafar shigowa ɗaya ce tak. Gorar nan muke dubawa mu shigo. Iska ce ta kwashe rairayin gindinta ta faɗi. Mu ashirin da uku ne yau a ruwa."

Sai da Barmo ya shekara biyu kafin ya sami ayarin da ya mayar da shi gida.

To, 'yan'uwa, amana ba sai ka gane dalilinta take zama amana ba. Kana amsawa ta hau wuyanka. Kai da maƙwabci ya ce ka sa ido kan gidansa, ke da aka ce ki leƙa marar lafiya, kun ce "to", kun juya kun manta. Ba ku san rai nawa ke rataye a bakin nan naku ba. In ba za ku iya ba, ku ce a'a tun farko. Allah Ya sa mu cika da imani.