Manhajar Da Ta Haɗiye Awon Mutum Goma Sha Ɗaya

Akwai wani mutum da ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta bayan ya haura shekara talatin. Aikinsa na asali buga takardu ne a wani shago mai firinta biyu. Idan ya tashi da yamma, sai ya wuce wata cibiya da ake koyar da C#, yaren da ake gina manhajojin nan masu taga da maɓallai da muke dannawa a kwamfuta.

Kansa yana ja, wannan ba a musu. Wata uku da farawa 'yan ajin suka laƙaba masa Injiniya. Da zolaya aka fara, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya daina amsa sunansa na yanka.

A ajin akwai wata dattijuwa, tsohuwar sakatariya da ta yi ritaya ta ce zaman gida ba zai kashe ta ba. Duk sanda manhajarta ta tsaya, jan rubutu ya fito yana faɗin kuskure, sai ta gyara tabarau ta karanta shi kalma bayan kalma. Ta kwafe a littafinta, sannan ta ɗaga hannu. Shi ya sa ake ce mata Goggo Tambaya.

Injiniya kuwa ya tsani jan rubutun nan kamar ciwon haƙori. Ana cikin haka ya gano wata dabara. A yaren akwai abin da ake kira try da catch: ka ce wa manhaja ta gwada aiki, in kuskure ya faru ta cafke shi, ta yi abin da ka umarce ta. Shi sai ya riƙa barin wurin umarnin fayau. Kuskure ya faru, a cafke shi, a yi shiru. Daga ranar manhajarsa ba ta sake kuka a gaban kowa ba.

Wata rana ya leƙa allon Goggo ya ga ja ya cika shi.

"Haba Goggo, me zai sa ki wahalar da idonki? Ki toshe masa baki kawai ki huta."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To ɗana, in na toshe masa baki, ina kuskuren ya tafi?"

"Ya koma inda ya fito!"

Aji ya kwashe da dariya. Goggo ma ta yi murmushi, ta ci gaba da rubutunta.

Injiniya yana da yaya mace mai shagon ɗinki. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinki guda ta ciyar da shi har ya zama mutum. Yanzu kekuna huɗu gare ta da mata biyu masu taya ta. A makon nan ne Allah ya kawo mata aikin da ba ta taɓa samun irinsa ba: wani asibiti ya ba ta ɗinkin yunifom na ma'aikata arba'in da ɗaya, cikin sati biyu. In ta cika alkawari, duk shekara ita za a riƙa ba. In ta saɓa, shi ke nan.

Injiniya ya ce wannan aiki ya fi ƙarfin biro. Ya zauna kwana biyu ya haɗa mata manhaja: ka rubuta suna, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsayi, ka danna Ajiye. Ya zuba mata a tsohuwar laftof ɗin shagon, ya ɗauki littafin awonta mai yagaggen bango ya cilla saman kabad.

"Yaya, zamanin takarda ya wuce."

"Anya kuwa, ƙanena?"

"Ki yarda da ni."

Ta yarda, don tana son ta ga ya zama abin da yake cewa shi ne.

Ranar Litinin ta je asibiti ta auna mutum goma sha ɗaya, ta dawo ta kashe laftof. Ranar Talata ta auna sauran talatin, ta rufe murfin kawai ba ta kashe ba, ta taho. Da la'asar ta shimfiɗa yadi a tebur za ta fara yanka, ta danna maɓallin da ke nuna jerin sunaye, tana neman shugabar ma'aikatan jinya, wadda ita aka fara aunawa jiya. Babu ita. Babu ko mutum ɗaya na jiya.

Injiniya ya iso yana haki, kuma abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Kin tabbata kin danna Ajiye?"

"Sau goma sha ɗaya na danna. Sau goma sha ɗaya ta ce min An ajiye."

Ya duba inda fayil ɗin awon ya kamata ya kasance. Wayam. Ya bincika ko'ina, babu. Nan ya fahimci abu na biyu da ya fi na farko muni. In ba a ajiye na jiya ba, to na yau ma ba a ajiye ba. Mutum talatin ɗin da yake gani a allo suna nan ne kawai saboda manhajar tana buɗe. Da zarar ta rufe, sun bi na jiya.

Ya kalli kusurwar allo. Caji saura kashi goma sha biyu, kuma tun azahar aka ɗauke wuta a layin.

Ya kira malamin ajinsu, waya a kashe. Ya buɗe zauren 'yan ajin a waya zai rubuta, sai ya tuna irin bakin da ya yi a can, ya fasa. Yaya tana tsaye da almakashi a hannu, idonta ya kaɗa.

Ya haɗiye girman kansa ya kira Goggo. Bai gama bayani ba ta katse shi.

"Kada ka kashe, kada ka rufe, kada ka gyara komai. Ɗauki wayarka ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka yi musu hoto. Shekara talatin na yi a ofis, ban taɓa barin takarda mai kwafi ɗaya ta kwana ba. Gani nan zuwa."

Yaya tana dannawa, shi yana ɗauka. Na ashirin, caji kashi shida. Na talatin, kashi biyu. Ko minti uku ba a ƙara ba allon ya yi baƙi.

Goggo ta shigo da sallama, littafinta a hammata. Suka roƙi mai askin da ke maƙwabtaka ya ja musu wuta daga janaretansa. Ta ja kujera kusa da laftof ɗin Injiniya, inda rubutun manhajar yake.

"Nuna min wurin ajiyewa."

Ya nuna. Ga umarnin rubuta fayil, ga catch ɗinsa fayau, ga kuma saƙon An ajiye a ƙasa, a wajen komai. Wato ko an ajiye ko ba a ajiye ba, saƙon sai ya fito.

"Cire abin da ka toshe bakin da shi. Bari mu ji me take son faɗa tun jiya."

Ya cire, ya sake haɗa manhajar, ya kai ta laftof ɗin shagon a filashi. Ya rubuta awon ƙarya ya danna Ajiye. Jan rubutu ya fito. Wannan karon bai kawar da kai ba, ya karanta a fili: ba a sami foldar da aka ce a ajiye a ciki ba. Ga adireshin foldar nan ɓaro-ɓaro, da kalmar Injiniya a tsakiya. Foldarsa ce ta laftof ɗinsa, ya rubuta ta da hannu cikin manhajar, a tasa kwamfutar komai na tafiya daidai. A ta Yaya kuwa babu ita sam.

Yaya ta leƙo. "Wato awon mutane ka riƙa aikawa ɗakinka, alhali ɗakin ba a gidan nan yake ba?"

Goggo ta danne dariya, ta buɗe littafinta. "Irin wannan ya taɓa kama ni a sati na biyar. Ga abin da malam ya ce."

Gyaran bai kai layi goma ba. Manhaja ta tambayi kwamfutar da take ciki inda foldar takardu take, maimakon ta yi zato. In babu foldar awo, ta ƙirƙira. Kada ta ce An ajiye sai ta gama rubutawa da gaske. In kuma ta kasa, ta fito fili ta faɗa, ta faɗi dalili.

Injiniya zai miƙe, Goggo ta ce ya zauna. Ta sa ya ajiye, ya kashe laftof gaba ɗaya, ya kunna ya duba. Sau uku. Sannan suka shigar da talatin ɗin daga hotuna, ita tana karantawa yana bugawa.

Saura goma sha ɗaya, waɗanda babu su a ko'ina.

"Yaya," ya ce a hankali, "ko mu ce musu kwamfutar ce ta sami matsala?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Goggo ta rufe littafinta ta ce, "Ɗana, yanzu muka gama cire irin wannan a cikin manhaja. Kada ka mayar da shi bakinka."

Da safe ya nemi izini a wurin aiki ya bi Yaya asibiti. Shugabar ma'aikatan jinya mace ce da ba ta son ɓata lokaci, tana jin an ce a sake awo ta murtuke fuska. Yaya ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai Injiniya ya riga ta.

"Ranki ya daɗe, ba laifin yayata ba ne, ba kuma na kwamfuta ba. Ni na rubuta manhajar, ni na sa ta ɓoye kuskure don kada a ce ban iya ba. Laifina ne."

Matar ta dube shi. Sannan ta ajiye biro.

"Telan da ya gabace ku, kullum injinsa ne ke lalacewa, shi bai taɓa laifi ba. Shi ya sa ba ya nan." Ta miƙe ta buɗe hannuwa. "Fara da ni."

Takwas aka auna a ranar. Uku sun tafi hutu, ita da kanta ta kira su a waya suka biyo ta shago. Ranar da sati biyu suka cika, Yaya da ƙanenta suka sauke yunifom arba'in da ɗaya a goge, babu wanda aka mayar gyara. Kafin su fita, shugabar ta ce wa Yaya ta riƙa tsammanin kiranta baɗi.

A hanyar komawa Injiniya sai murna yake, yana maganar ƙara kekuna. Yaya kuwa, da suka kusa shago, sai ta tsaya ta goge ido da gefen mayafi.

"Lafiya, Yaya? Ai mun samu."

"Na sani. Tun kana ɗan shekara tara nake riƙonka, ban taɓa jin ka ce laifina ne ba sai a ofishin matar nan. Wallahi ya fi min aikin daɗi."

Darasi: Kuskuren da ya fito fili gyaransa layi goma ne, wanda aka toshe wa baki kuwa shi ke cinye wahalar mutane a ɓoye. Kada ka ji kunyar karanta jan rubutu, kada ka raina mai yawan tambaya, kuma in laifi naka ne ka faɗa da bakinka. Ku tura wa duk wanda kuka san ya fara koyon wani abu sabo, ko yana cikin masu jin tsoron a ce ba su iya ba.