Citta Goma Sha Ɗaya a Gwangwani

Akwai wata mata a Kagoro mai suna Tamar, mijinta Gershon manomin citta ne. A waje mutum ne mai fara'a, amma a gida idan ransa ya ɓaci, hannunsa yakan riga bakinsa.

Tamar ba ta iya doguwar magana ba. Duk ranar da ya taɓa lafiyarta, sai ta jefa busasshiyar citta ɗaya cikin gwangwanin madara, ta rufe.

Wata Lahadi ta zo coci da kumburarren ido, ga cikin wata biyar. Mama Fidelia, shugabar zumuntar mata, ta wuce da ita gidanta. Ta ce Tamar ba za ta koma ba sai bakinsu ya zo ɗaya da mijinta.

Ta sa aka kira Gershon, ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya sau nawa ya dake ta. Tamar ta ce sau goma sha ɗaya ne. Gershon ya ce, "Mama, sau biyu ne kawai, shi ma mari."

Da aka haɗa su, Tamar ta sa aka ɗauko mata gwangwanin, ta zazzage shi a kan tabarma.

"Wannan ta ranar da ka ture ni na bugu da turmi."

"Ai turewa ce, ba duka ba!"

"Kai ɗana," in ji Mama, "haƙarƙarinta ya san bambancin?"

"Wannan kuma ta ranar da ka murɗe mini hannu don gishiri ya yi yawa. Sati biyu ban iya ɗaukar ruwa ba."

Can Gershon ya ɗauki ɗaya da kansa. "Wannan ta ranar da na jefe ki da kwano ce ko?"

Ta gyaɗa kai.

Ya bi su har ƙarshe, sannan ya laluba aljihu ya fito da guntuwar citta, ya ajiye. "Sha biyu ne, Tamar. Ba ki sa ta idonki ba."

Ba ta koma ranar ba. Sai da ya faɗa wa yayyenta laifinsa da bakinsa, ya yi wata huɗu yana zama da dattawan coci, har ta haihu lafiya, sannan ta koma.

Yanzu allura da zare ne a gwangwanin.

Darasi: Wanda ya yi duka yakan manta, wadda aka daka ba ta mantawa. Gida ba ya gyaruwa sai mai laifi ya amsa laifinsa gaba ɗaya. 'Yar'uwa, kada ki ɓoye. Ku tura wa wasu, wataƙila wata na can da nata gwangwanin.