Dangar da Ta Yi Tafiya

A ƙarshen rani, akwai wani mutum da ya tashi sayen gida a bakin gari. Matarsa ta daɗe tana ɗauko ruwa daga rafi har wuyanta ya fara ciwo, shi ya sa da ya ga gidan da rijiya a cikin dangarsa, bai ƙara duba wani ba.

Mai sayarwa dattijo ne a ikilisiyarsu, abokin mahaifinsa. Ya zaga da shi, yana dafa danga, ya ce, "Duk abin da ke cikin nan naka ne, har rijiyar."

Mutumin ya ce, "Na gode, Baba. Amma zan kira mai awon filaye tukuna."

Fuskar dattijon ta canja. "Ni zan cuce ka? Ni da na riƙe ka ran baftismarka kana tsala ihu?"

"Ban ce za ka cuce ni ba, Baba. Ina so in ga dutsen iyaka da idona."

Mutane suka yi ta magana. A ƙofar majami'a wani ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mai awo! Yaushe za ka auna mu?" Ya yi murmushi, bai fasa ba.

Mai awo ya zo, ya ja igiyarsa, ya bi danga kusurwa kusurwa, bai ga dutse ba. Sai ya shigo tsakar gida, ya sa aka haƙa gefen murhu. Ga dutsen nan a binne. Rijiya kuwa tana can bayansa, a filin gwauruwar da ke maƙwabtaka da gidan, wadda kullum da safe takan yi sallama ta roƙi guga ɗaya.

Ba wanda ya yi ƙarya. Kowace kaka, in gara ta cinye dirkoki, akan kafa sababbi a bayan tsofaffin, don ƙasar wurin ta fi ƙarfi. Tafin hannu bana, tafin hannu baɗi. Haka danga ta yi ta tafiya tun zamanin kakan dattijon, har mahaifinsa ya haƙa rijiya a inda yake tsammani nasa ne.

Dattijon ya daɗe yana kallon dutsen. Sa'an nan ya rage murya ya ce, "Ɗana, mayar da ƙasar. Gwauruwar ma ba ta sani ba."

Matar mutumin ta ja shi gefe. "Maigida, don rijiyar nan muka zo. In koma rafi ke nan?"

Ya ce, "Da ban gani ba, da wata magana ce. Yanzu na gani."

Ya sayi gidan iyakar dutsen. Ya tuge dirkokin da hannunsa, ya dawo da danga baya, ya bar rijiya a waje.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan shi ne rayuwarka. Danga ita ce abin da ka saba, abin da ka tarar ana yi a gidanku da kasuwarku. Dutsen kuwa Maganar Allah ce, wadda ba ta motsi. Yawancinmu ba mu taɓa tsallake iyaka da tsalle ɗaya ba. Tafin hannu muke matsawa: mudun da aka ɗan lotsa gindinsa, maganar wani da aka ɗan ƙara mata gishiri, gaisuwar da aka daina yi wa ɗan'uwa. In an tambaye mu, sai mu dafa danga mu rantse, kuma da gaske muke. Dattijon nan mutumin kirki ne, amma kirkin mai nuna maka iyaka ba shi ne iyakar ba. Ku lura kuma, tafiyar danga kullum a filin wani take ƙarewa, galibi wanda ba shi da bakin magana.

'Yan'uwa, ku haƙa ku nemo dutsen, ko za a yi muku dariya. In kun same shi a inda ba ku so, kada ku mayar da ƙasa.

Washegarin ranar da aka dawo da dangar, matar mutumin ta ɗauki guga, ta tsaya a ƙofar gwauruwar, ta yi sallama. "Mama, a ba ni izini in ɗebi ruwa."

Tsohuwar ta fito tana gyara zane. Ta dubi gugan, ta dubi rijiyar. Ta ce, "'Yata, igiyata ta tsufa. Kawo taki mu ɗaura, mu bar ta a can."