Na'urar da Ta Ƙi Farkawa

Ku gyara zama. Wannan ba labarin zamanin da ba ne, kuma idan na kai ƙarshensa ku ne za ku yanke hukunci, ba ni ba.

A wani gari akwai wata dattijuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ana ce mata Inna Hansai. Wata safiya ta zame a bakin rijiya, kanta ya bugi dutse. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce yana zaton jini na taruwa a cikin kanta, amma ba zai taɓa ƙoƙon kai ba sai ya ga hoton inda jinin yake. Asibitin yana da na'urar ɗaukar irin wannan hoto, sai dai wata biyu ke nan ba ta aiki. Tsawa ta ƙona babban allon lantarki da ke cikin kwamfutarta, an kawo wani an sa, ta ƙi tashi. Asibitin da ke da irinta tafiyar awa shida ce, likita ya ce tsohuwar ba za ta kai ba. Ya ce in an wuce la'asar babu hoto, sai dai addu'a.

Dama tun kwana guda kafin haka an kira wasu abokai uku su duba na'urar: Iliya, Huwaila da Nafi'u. Tare suka yi karatun injiniya, tare suke aiki.

Sai na bayyana muku yadda abin yake. A kan allon akwai ƙwaƙwalwa biyu, kowace a gurbinta, kuma a cikin kowace akwai ƙwayoyi takwas masu yin lissafi. Ku ɗauke su kamar gidaje biyu masu katanga ɗaya, kowane gida da mutum takwas. Idan wuta ta shigo, ƙwaya ɗaya ce kawai ke farkawa, a gidan farko. Ita za ta shirya ma'ajiyar bayanai, ta buɗe ƙofar da ke tsakanin gidajen, sannan ta tashi sauran goma sha biyar, ta nuna wa kowace inda za ta fara aiki. Duk wannan yana rubuce a cikin wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin allon. Na'urar ba ta ɗaukar hoto sai goma sha shidan sun amsa. To, a nan ta farkon tana tashi, ta yi kira a ƙofa, ta ji shiru, ta tsaya.

Iliya mutumin hannu ne, ba ya son dogon bayani. Kowa ya ɗauka ƙwaƙwalwa ta biyu ta mutu, har an fara maganar a nemo wata daga Legas. Shi bai yarda ba. Ya durƙusa, ya maƙala alluran awo a ƙafafun allon, yana kunnawa yana kashewa, yana kallon zanen da wutar ke yi a gilashin abin awonsa. Ya yi haka fiye da sau arba'in, gwiwoyinsa suka sage. Sai ya ga abin da ba wanda ya gani. A sabon allon, wutar gurbi na biyu tana makara kaɗan kafin ta daidaita, makarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Kafin ta iso, ta farko ta riga ta yi kira ta haƙura. Ya miƙe yana kaɗe wando ya ce, "Maƙwabcin nan ba gawa ba ne. Bai gama sa riga ba ake yi masa sallama." Amma Iliya bai iya rubuta manhaja ba. Ya gano cutar, magani ba ya hannunsa.

Huwaila ce mai rubutun. Ta buɗe manhajar, ta bi ta layi-layi har ta kai inda aka ƙayyade tsawon jiran. Ta goge ƙayyadewar, ta rubuta cewa a yi ta ƙwanƙwasawa har sai an amsa. Wannan aiki ne da kuskure ɗaya a cikinsa zai iya kulle allon gaba ɗaya, kuma ta yi shi ma'aikaciyar jinya na leƙowa tana tambaya ko an dace. Tana cikin haka ta lura cewa ana tashin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta ga wannan ɓata lokaci ne, ta mayar da shi kira guda ga kowa. Aka kunna. Ƙofar tsakani ta buɗe, abin da ya gagara wata biyu. Goma sha shidan suka amsa, sannan komai ya daskare. Gilashin na'urar, wanda a da yake nuna layi ɗaya na rubutu, ya koma baƙi ƙirin. Ana cikin neman dalili aka kira azahar.

Nafi'u tun safe bai taɓa komai ba. Yana kusurwa da littafin bayanin ƙwaƙwalwar mai shafi ɗari tara, abokansa na tsokanarsa da Malam Takarda. Yanzu ya taso ya ajiye littafin a buɗe. Ya nuna musu cewa kowace ƙwaya in ta farka, akwai ɗan wuri guda a ma'ajiya da take fara rubuta bayananta kafin a ba ta nata. Wurin ɗaya ne tak. Da aka tashe su lokaci guda, duk suka yi rubutu a kan na juna, kowace ta karanta na wata ta ɓace. Waɗanda suka tsara bi-da-bi ba lalaci ya sa su ba.

Huwaila ta dube shi ta ce, "Malam, kana kallo ina rubutawa, ka sani ka yi shiru?"

Ya ce, "Na karanta, amma ban tabbata ba. Sai da ta daskare na tabbata."

Layi uku ya faɗa mata ta gyara. A tashi ɗaya, a ba ta wurinta, ta amsa, sannan a kira ta gaba. Aka kunna, na'urar ta ƙirga daga ɗaya har goma sha shida. Aka turo Inna Hansai, hoto ya fito, likita ya ga jinin a bayan kunnen hagu, ya shiga aiki. Ta rayu.

Bayan ta koma gida ta sa ɗanta Dogara, wani magidanci mai ƙarancin magana, ya kwance karsanar da ta shekara uku tana kiwo. Ta ce ya kai wa wanda ya tashi injin nan. Aka ce mata su uku ne. Ta ce ita karsana ɗaya gare ta, kuma ba ta yarda a yanka ko a sayar a raba ba, ta haihuwa ce.

Dogara ya iso ƙofar shagon abokan nan uku da igiya a hannu. Da ba don Iliya ba, da har yanzu ana jiran kaya daga Legas, amma shi ko harafi bai gyara ba. Da ba don Huwaila ba, da ƙofar ba ta buɗe ba, amma gaggawarta ta ci kusan awa biyu daga lokacin tsohuwar. Da ba don Nafi'u ba, da an tsaya a baƙin gilashi, amma yana da maganar a baki tun kafin a yi kuskuren, ya riƙe ta. Su ukun suka fito suka tsaya, ba wanda ya miƙa hannu, ba kuma wanda ya ce a ba ɗan'uwansa.

To, jama'a, a hannun wa Dogara zai sa igiyar nan?