Jan Waken Mahaifiyar Malam

Malaminmu na unguwar Kpangalam da ke Sokodé, Allah Ya ƙara masa yarda, masani ne mai tsentseni, wanda ilimi bai sa masa girman kai ba. Idan ya rufe karatun la'asar, sai ya naɗe hannun riga ya shiga ɗan lambun bayan gidansa, inda yake noma wani jan wake mai ɗigon fari da ba a samunsa a kasuwa. Irin mahaifiyarsa ne, Allah Ya jiƙanta, shi da yayarsa da ke Dapaong, wadda kowa ke kira Kaka, suka gada.

Wata shekara ƙwari suka cinye irin Kaka a tukunya. Malam ya gama shukarsa, ya ƙulle ragowar a tsumma, ya damƙa wa Alidu, direban da ke jigila tsakanin Sokodé da Dapaong kuma ɗalibinsa ne, ya ce ya kai mata.

Alidu mutumin kirki ne, sai dai hankalinsa kullum yana tasha. Ya biya ta gida, ya ajiye ƙullin a madafa ya fita neman fasinja. Matarsa Khairiya ta ga wake mai kyau ta zaci cefane ne, ta dafa da shinkafa. Gogan naka ya dawo ya share kwano, har ya nemi ƙari yana yaba girkin, sai da ya hango tsumman Malam a shanye kan igiya sannan ya gane irin Kaka ya cinye. Bai faɗa wa Khairiya komai ba.

Da a ce ya koma wurin Malam a ranar, da magana ta ƙare, amma kunya ta hana shi. Ya sayi farin wake a kasuwar Dapaong, kuma da yake idanun Kaka sun mutu, ya ce ta huta shi zai shuka mata. Tsohuwa ta zauna a inuwa tana ta sa masa albarka, shi kuwa yana binne farin wake yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ba a jima ba ruwan sama ya yi gyara a Kpangalam, ya tafi da lambun Malam gaba ɗaya. Ɗalibai suka yi jaje, Malam ya ce ba komai, iri yana wurin Yaya. Daga ranar Alidu ya koma zama a ƙarshen sahu, ba ya iya haɗa ido da Malam, wake kuma ko ƙamshinsa ba ya so.

Da wake ya bushe, Malam ya ce Alidu ya kai shi Dapaong a ɓare tare. Tafiyar nan mai tsawo, sau da yawa Alidu ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga Malam yana jan carbi, ya haɗiye.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Kaka, aka zube wake, maƙwabta mata suka zo da farantansu. Al'adar mahaifiyar Malam ita ce wanda ya yi shuka shi ke ɓare kwanson farko. Kaka ta lalubo ɗaya ta miƙa.

"Ɗana Alidu, hannunka ne ya shuka. Buɗe mana, Malam ya ga waken uwarmu."

Alidu ya karɓi kwanson. Ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai magana a bakina tukuna."

Malam ya ce, "Yi bismillah ka buɗe."

Ya yi bismillah, ya matsa kwanson da babban yatsa. Ƙwayoyi suka gangaro tafin hannunsa, jajaye, masu ɗigon fari. Ya fizgi wani ya ɓare, ja ne. Ya tona can ƙasan tarin, nan ma ja ne. Duk tabarmar ba a sami farar ƙwaya ko ɗaya ba. Kaka ta ɗibi kaɗan ta shinshina, ta kira sunan mahaifiyarsu tana hawaye.

Alidu ya sunkuyar da kai, shi ma hawaye na ɗiga a kan waken, matan suka ɗauka tausayin tsohuwa ne. Malam ya ci gaba da ɓara a natse. Can ya cika hannunsa da wake ya zuba wa Alidu a aljihu, ya ce da shi a hankali yadda ba wanda zai ji:

"Wannan na shuka ne. Ka faɗa wa Khairiya tun daga ƙofa."

Daga baya Alidu ya ce, da a ce Malam ya zage shi a gaban matan nan, da ya fi masa sauƙi. Har yau jan waken yana bayan gidansa, kuma ba ya ɓare kwanson farko sai fuskarsa a ƙasa.

Tsarki ya tabbata ga Mai rufa asirin bayinSa ta hannun wanda Ya so. Allah Ya ja kwanan Malam cikin lafiya, Ya ba mu albarkacinsa, Ya suturta mu ranar da za a buɗe abin da kowa ya shuka. Amin.