Habila Masassaƙi da Ɗan Baƙuwa

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, wani bawan Allah mai suna Habila, masassaƙi. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Gida shiru, sai ƙarar gizago.

Shekarar yunwa wata baƙuwa ta mutu a garin, ta bar jariri. Kowa ya kau da kai. Habila ya ɗauke shi, ya raɗa masa suna Irmiya, ya rene shi da nonon akuya. Namiji da goyo! Dariya kam ya sha ta.

Da yaro ya zama saurayi, sai ga wani dattijo daga nesa. Ya ce, "Malam, ɗan ƙanena nake nema. An ce a nan uwarsa ta rasu. Yaron ya rayu?"

Ku saurara, 'yan'uwa. Irmiya yana gona. Ƙarya ɗaya ta isa, baƙo ya juya.

Habila ya shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Ya rayu. Zauna ka sha ruwa."

Ranar da dattijon zai tafi da shi, Irmiya ya riƙe rigar Habila yana kuka. "Baba, korata kake yi?"

"A'a, ɗana. Danginka ma suna da rabo a cikinka. Je ka."

Gida ya sake yin shiru. Habila ya tuƙa tuwon mutum biyu, ya ci shi kaɗai.

Da Kirsimeti ta gabato, dattawan ikilisiya suka sa shi ya sassaƙa siffar Yusufu, mijin Maryamu uwar Almasihu. Ya sassaƙa shi tsaye a gefe, hannuwa a buɗe, ba komai a cikinsu. Fasto ya ce, "Baba Habila, ina jaririn?"

Ya ce, "Ai ba nasa ba ne, amana ce. An ba shi, ya riƙe. An karɓa, ya saki."

Habila ya tsufa, ya mutu shi kaɗai. A bakin kabari aka tambaya, "Ba wani nasa?" Sai wani magidanci da ya iso a makare ya ratso taro, ya durƙusa. "Ni ne Irmiya. Ni ɗansa ne."

'Yan'uwa, haihuwa kaɗai ba ta mai da mutum uba, riƙo ne. Mu ma ba kowa ba ne, Allah ya ɗauke mu 'ya'yansa ta wurin Almasihu. Akwai maraya a unguwarku, kun san shi, kun san sunansa. Wa zai ce masa "ɗana"?